Ganyen Taba Da Iskar Hunturu

Duk wanda ya tashi a gabashin Sakkwato, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, ya san hunturu ba baƙon wasa ba ne. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan taso daga Sahara ta tsotse danshin duk abin da ta tarar, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ƙyauren katako ya fara kuka. Masu auna yanayi sun ce laimar iska a lokacin kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali a watan Agusta takan haura kashi 70. Manomin albasa da tafarnuwa murna yake da wannan bushi, don shi ke hana kayansa ruɓewa. Amma akwai mutum biyu da ba sa barci da ido biyu rufe: mai goro da mai ganyen taba. Su jarinsu ruwa ne ke riƙe da shi, in ruwan ya tafi, kuɗin ya bi shi.

Ni ban taɓa shan taba ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, Nijeriya ma ta yi dokar taƙaita ta a 2015. Sai dai da kuɗin ganyen taba aka saya mini littattafan firamare, don ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, Allah Ya jiƙansa, sana'arsa ke nan. Yakan sayi ganye a hannun manoman fadamar Rima, ya adana, ya riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan zuwa kasuwar Achida da sauran kasuwannin ƙauye, inda masu dakan taba gari da tsofaffi masu lofe ke saye.

Matsalar ganyen taba ita ce dole a shanya shi kafin ya zama taba, amma in ya bushe ƙamas ba ya taɓuwa. Kana ɗaga shi zai marmashe kamar ƙanzo, abin da ka saya ganye ka wayi gari da shi gari. Kuma da yake nauyi da kyan gani mai saye ke dubawa, busasshen ganye asara biyu ne: ga rashin nauyi, ga karyewa. Don haka aikin Baffa na gaskiya shi ne tsare ganye tsakanin bushewa da jiƙewa, ciniki kuwa na bayan wannan ne.

Yana da wani ɗakin ƙasa mai kaurin bango a ƙuryar gida, babu taga sai 'yar kafa da yake toshewa da tsumma. A ciki akwai randa biyu cike da ruwa. Randar ƙasa, kamar yadda kowa ya sani, tana tsatsafar da ruwa ta jikinta, shi ya sa ruwanta ke sanyi, kuma wannan tsatsafar ce ke ba ɗakin laima. Ganyen kuwa yana kan wani gado na itace, nesa da ƙasa, an lulluɓe shi da buhun algarara. Da magariba sai Baffa ya yayyafa ruwa a daɓen ɗakin da jikin bango, ya jawo ƙyaure. Ban taɓa ganin ya zuba ruwa a kan ganyen kansa ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Ɗana, ganyen ga ba ruwa shika sha ba, iskan ruwa shika sha."

Da asuba yakan shiga ya ɗauki ganye ɗaya ya dunƙule a tafin hannu, sannan ya saki. In ya karye, da saura. In ya tsaya a dunƙule kamar jiƙaƙƙen tsumma, laima ta yi yawa, sai a buɗe ƙofa. In kuwa ya warware a hankali bai tsage ba, amma jijiyar tsakiya ta yi ƙas da aka lanƙwasa ta, to ya yi daidai, ranar za a ɗaure dami.

Na ga ranar wannan haƙuri a wata shekara da wani maƙwabcinmu ya shiga sana'ar da kuɗin da ya sayar da bijiminsa. Hunturu ya busar masa da kaya ana saura kwana biyu kasuwa, sai ya ɗauko bokiti ya sheƙa wa ganyen ruwa, ya tura cikin buhun leda ya ɗaure. Kafin mako ya zagayo ganyen ya yi zafi, ya yi baƙi, funfuna ta rufe shi. Ya zo zauren Baffa ido ya yi ja, ya ce, "Malam, ko akwai dabara?" Baffa ya sansana ganyen ya girgiza kai, ya ce, "Wanda ya bushe ana tada shi, wanda ya ruɓe sai juji." Ranar ya ranta masa dami biyu ya je kasuwa da su, don kada iyalinsa su kwana da yunwa.

Shekaru bayan haka wani abokin karatuna da ke aiki a wani otal a Dubai ya ba ni labarin irin tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla, ba takarda, wadda ta fi suna ita ce ta ƙasar Kuba, musamman ganyen yankin Pinar del Río. Ya ce attajirai na ajiye ta a wani akwati na musamman, mu kira shi akwatin laima. Ana shafe cikinsa da katakon wani icce na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu mai tsotsar danshi ya kuma sake shi, a sa ma'aunin laima a ciki, a riƙe ta tsakanin kashi 65 zuwa 72, zafi kuma wajen digiri 18 zuwa 21. Ruwan da ake sa wa soson akwatin tatacce ne, don gishirin ruwan famfo na toshe shi. Wasu kuma 'yan fakiti suke sawa, irin na kamfanin Boveda, masu ba da danshi in ya yi kaɗan su shanye in ya yi yawa. Har ma'aunin ana gwada gaskiyarsa: a rufe shi da jiƙaƙƙen gishiri na wasu sa'o'i, in lafiyarsa ƙalau zai nuna 75.

Da na tambaye shi yadda suke yi da wadda ta bushe, sai na ji kamar Baffa ke magana. Ba a jefa ta cikin laima mai yawa kai tsaye, domin ganyen ciki zai kumbura ya fasa na waje. Ana farawa da laima kaɗan, a riƙa ƙarawa mataki-mataki, ana jujjuya ta, har makonni. In laima ta zarce, funfuna. In zafi ya hau, ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke cikin ganyen ya ƙyanƙyashe ya huhhuda ta. Kuma ko an dace ta yi laushi, man ganyen da ke ba da ƙamshi in ya riga ya tashi ba ya dawowa duka. Baffa ma haka yake faɗa, wai ganyen da aka tayar ba ya kai wanda bai taɓa mutuwa ba, kuma ba ya ɓoye wa mai saye, yakan rage masa kuɗi.

Mai karatu, in kana son ganin wannan ilimi da idonka ba sai ka je Dubai ba. Tsaya wurin mai goro da hantsi ka ga yadda yake buɗe huhu, ya tsince wanda ƙwaro ya taɓa, ya sake ganye, ya yi yayyafi da 'yan yatsu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu ya tura inuwa. Da haka goro ke kaiwa ya zama daushe, kuɗinsa ya ƙaru. Hikima ɗaya ce, sai dai wani ya sa mata lamba da gilashi, wani kuma a tafin hannu yake auna ta.

Yanzu a fadamun da madatsar ruwan Goronyo ke shayarwa, shinkafa da albasa da tafarnuwa ido ya fi gani, kuma ba na kukan raguwar taba. Abin da ke damuna shi ne masu irin wannan hannu suna ƙarewa, ba wanda ya zauna ya rubuta abin da suka sani game da iska da danshi da ajiya, ga shi kuwa har yau manomanmu na tafka asara a rumbun albasa. Wanda ke da tsoho a gida mai wata sana'a, ya jawo tabarma ya tambaye shi tun yana iya ba da amsa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bar mana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.