Makon ƙarshe na hutu

Dogon hutu a nan Arewa yana faɗowa ne a tsakiyar damina, a koma makaranta a watan Satumba. Shi ya sa shirin gida ke farawa daga akwati. Kayan makarantar da aka ninke tun Yuli sai an shanya su, don sun sha danshi. Wandon yaya ya koma na ƙane, a kai wa tela ya rage ƙafa tun aiki bai yi masa yawa ba.

Ni dai barcin yara ya fi damuna. Yaron da ya saba hira har ƙarfe 11 na dare ba zai tashi da asuba ranar Litinin don an daka masa tsawa ba. Sai a riƙa kwantar da su da wuri tun yanzu, a duba gidan sauro, a ɗinke inda ya yage. Lokacin zazzaɓi ne, kuma yakan cinye wa yaro makonnin farko na zango.

Magidanta, don Allah kada ku bar wa uwargida wannan ɗawainiya ita kaɗai. Ku zauna tare ku lissafa kuɗin littattafai da na Islamiyya kafin a buɗe.