Zaɓen Zango A Dajin Kudancin Katsina

Shekaranjiya wata yarinya ta tambaye ni a aji, ta ce, "Malama, in dare ya riski mutum a daji, ina zai kwana?" Sauran suka yi dariya. Ni kuwa ban yi ba, domin na san daga ƙauyen da ta fito.

Bari in fara kwatanta muku ƙasar. In kin bar Malumfashi kika nufi yamma, sai Ƙanƙara, ƙasar Sarkin Pauwa. In kuwa daga Funtuwa kika ɗauki hanyar Gusau, za ki ratsa ƙasar Faskari ta Mairuwa da Sheme da Yankara. Sabuwa tana can bayan Ɗandume, iyaka da Birnin Gwari. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga arewacin Katsina, shi ya sa masara da auduga suke yi ƙwarai. Ga kaɗanya da ɗorawa da marke, ga duwatsu tsaitsaye cikin kurmi. Wadda ta gan ta da kaka ba ta mantawa.

Kakana bafatake ne, a bakinsa na ji yadda ake zaɓen masauki. Ya ce ayari ba ya sauka inda gajiya ta kama shi. Madugu yakan tura jagaba ya riga kowa, ya duba wuri tun rana ba ta yi sanyi ba, don a sauke kaya da sauran haske.

Abu na fari da yake dubawa ruwa ne. A kusance shi, amma kada a kwana a bakinsa, gama nan ne matattarar sauro da namun daji. Balle cikin busasshen rafi, wanda yashinsa mai laushi yakan ruɗi baƙo. A ƙasar duwatsu ruwan da aka yi a nesa yakan gangaro da dare, ke ba ki ga ko hadari ba. Saboda haka a nemi ɗan tudu, amma ba ƙoƙuwar dutse ba, inda iska da tsawa suka fi ƙarfi.

Na biyu, a ɗaga kai a dubi itacen da za a fake. In yana da busasshen reshe ko kogon zuma, a ƙara gaba. Sa'an nan a dubi ƙasa. Tsohon suri da tarin duwatsu gidan maciji da kunama ne. A share fili fes, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, sai a kwantar da shi a kai shi asibiti maza.

Na uku wuta. Da hunturu ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji da amfanin gonar mutane. A nome kewayen murhu, a rufe garwashi da ƙasa kafin a tashi. Ruwan sha kuma a tafasa shi, komi kyansa a ido.

Amma kakana ya ce duk waɗannan bayan sallama suke. Ba a sauka a ƙasar mutane sai an gai da mai gari, shi zai ce nan da lafiya, can babu. Baƙo ko da ido makaho ne.

To, wannan ta ƙarshe ita ce ta zama ta fari a zamaninmu. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara da dare, suka kora yara fiye da 300 cikin daji, sai bayan kwana 6 aka sako su. Abin mamaki, a ƙarshen shekarar 2020 ɗin ne Gwamnatin Tarayya ta yarda a mai da dajin Kogo gandun shaƙatawa na ƙasa. Daji ɗaya, labari biyu. Mata da yawa na ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun kwana a jeji da goyo a baya, ba don yawon buɗe ido ba. Yarinyar da ta yi mini tambayar nan tana cikinsu.

Saboda haka, 'yan makaranta, kada wata ta ce za ta kwana daji don sha'awa, ko da an ji labarin sulhu, sai hakimi da jami'an tsaro sun tabbatar. In marmari ya dame ku, ku kafa tanti cikin shingen makaranta, ku gwada abin da na faɗa. Ku kuma iyaye, ku koya wa 'ya'yanku wannan sani, ku roƙi Allah kada larura ta sa su yi aiki da shi.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, har mu hau duwatsun nan mu sha iska ba fargaba, amin. Sai mako mai zuwa.