Jita Biyu, Waƙa Ɗaya

A duk ƙungiyar makaɗan zamani mai jita biyu, idon jama'a yakan tafi ne ga mutum guda, wato na gaba, wanda yatsunsa ke tsere a wuyan jita yana sa tsirkiya kuka. Shi kuwa na biyun, mai tsayawa daga baya yana nanata salon kiɗa guda tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ba kasafai ake tambayar sunansa ba. Mu da muka daɗe muna koyar da waƙar baka mun san irin wannan rabon aiki, domin kuwa shi ne tsakanin jagora da 'yan amshinsa. Abin da muke son mai karatu ya lura da shi shi ne, daɗin kiɗan jita biyu yana fitowa ne daga gurbin da kowane makaɗi ya bar wa ɗan'uwansa.

Wasu ɗalibanmu a nan Jalingo sun taɓa haɗa 'yar ƙungiya domin bikin ranar al'adu: mawaƙi ɗaya, mai ganga ɗaya, da masu jita biyu. Ɗaya ya koyi jita a majami'ar unguwarsu, hannunsa ya saba da salon Kongo da na Kamaru. Ɗayan kuma da kunne ya koya, daga kiɗan Buzayen Agadas da ke cikin wayarsa. Dukkansu gwanaye ne. Da yake baitocin da Hausa aka tsara su, sai suka gayyace mu mu saurara. Abin da muka tarar shi ne, kowannensu yana kaɗa irin muryar da ɗan'uwansa ke kaɗawa, a lokaci guda, har kalmomin mawaƙin suka nutse. Shawara ma ta riga ta yi nisa a kan a sallami ɗaya daga cikinsu a ɗauko piyano, kuma zumuncin samarin nan biyu ya fara tsami.

Ba mu iya jita ba, amma mun san kalangu. Sai muka tuna musu yadda makaɗan kalangu ke yi. Babban kalangu shi ke magana, yana kirari, yana hawa da sauka. Kuntuku kuwa bugu guda yake riƙewa ba ya sauyawa, a kansa mai rawa ke ɗora ƙafa. Haka kuma a nazarin waƙar baka, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya bayyana a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai kuma ɗiyanta masu yawo su dawo. To, jitar baya ita ce gindi, ta gaba kuwa ɗiya.

Daga nan su da kansu suka fitar da ƙa'idoji uku. Ta farko ta wuri ce: mai jitar baya ya zauna a kan tsirkiyoyi masu kauri, na gaba ya haura inda murya ke siririya, don kada su haɗu a tsakiya inda muryar mawaƙi take. Ta biyu ta lokaci ce: muddin mawaƙi na furta baiti, jitar gaba ta yi shiru ko ta yi raɗa, sai ya tsaya shan numfashi sannan ta ba shi amsa. Ta uku ta haƙuri ce: mai jitar baya ya kulle da mai ganga, ya riƙe salonsa ko da hannunsa na ƙaiƙayin burgewa, domin idan shi ma ya tafi yawo, babu gidan da na gaba zai dawo. Da wannan tsari suka hau dandamali su huɗu, ba a sallami kowa ba.

Manyan ƙungiyoyin Afirka a kan wannan turba suka ginu. Alal misali, ƙungiyar O.K. Jazz da aka kafa a birnin da ake kira Kinshasa a yau, cikin 1956, duniya ta san ta da jitar Franco Luambo. Amma tun daga 1961 akwai Simaro Lutumba a bayansa riƙe da jitar baya, kuma shi ya tsara da yawa daga cikin fitattun waƙoƙin ƙungiyar, har mutanen Kongo suka yi masa laƙabi da mai hikimar waƙa. Bayan rasuwar Franco a 1989, shi ne ya ja ragamar ƙungiyar na wasu shekaru. Makaɗan Kongo har jita ta uku suka ƙirƙiro, mai shiga tsakanin ta gaba da ta baya tana cike 'yan ƙananan gurabe. Haka nan a Nijar, duk wanda ya saurari faifan Afrique Victime na Mdou Moctar, wanda ya fito a 2021, zai ji cewa tsawar jitarsa tana tafiya ne a kan shimfiɗar da Ahmoudou Madassane ya yi mata da jitar baya.

Damuwarmu ita ce, tun daga shekarun 1990 da piyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinai a Kano, mutum guda ke danna ganga da jita da sarewa da yatsunsa goma. Aiki ya yi sauƙi, kuɗi sun ragu, amma makarantar da makaɗi ke koyon sauraron ɗan'uwansa ta soma rufewa. A wannan makaranta Musa Ɗanƙwairo ya tashi, ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa yayansa Kurna, kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri, idan sun je gaban makaɗi da na'urar ɗaukar magana, su tambayi sunayen mutanen da ke bayansa, su zauna da su, su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Masu iya magana dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.