Yamma ɗaya a Kano: daga Kantin Kwari zuwa Gidan Makama

Kowace shekara, in an gama girbin hatsi, samarin Adar suna fita bida. Wasu su nufi Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Mai zuwa Kano daga Tawa yakan bi ta Ƙonni, ya ƙetara iyaka a Illela, ya wuce Sakkwato. In damina ta matso, kowa yana son komawa gida da tsaraba. Mafi yawan tsarabar kuwa tufafi ne.

Kasuwar tufafi a Kano sunanta Kantin Kwari, a unguwar Fagge. Mai kuɗin sefa sai ya fara biyawa Wapa, kusa da nan, ya yi canji zuwa naira. Ya ƙidaya kuɗinsa sau biyu kafin ya tashi. Bayan azahar kasuwa ta cika maƙil. Ga atamfa, ga shadda, ga leshi, an jera su har rufin kanti. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zane uku. Yawancin kayan daga ƙasar Sin ake kawo su, don masaƙun Kano da dama sun daina aiki.

A nan baƙo yake bukatar natsuwa. Zane biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, amma ɗaya sitaci ne ya cika shi, wanki ɗaya ya zama tsumma. Masu wayo suna murza gefen zane da yatsa, su ɗaga shi wajen haske. Kuma ba a biyan kuɗin da mai kanti ya fara faɗi. Wahalar wata biyar tana iya tafiya cikin sa'a guda.

Daga Kwari, mai Keke Napep zai kai mutum Ƙofar Mata, bakin tsohon birni. Can marina take. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin. Marina ramuka ne masu zurfi. Ana zuba ruwa da toka da baba, a bar su kwanaki su tsima. Marini yana tsoma zane, ya fidda shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Da farko kore yake fitowa, iska ce take mai da shi shuɗi. A gefe ana jin mabuga suna bugun zane bisa gungume har ya yi sheƙi. Abin tausayi, ramuka da yawa sun bushe yau, rinin kanti ya ƙwace musu ciniki.

Makiyayan Abalak da Cintabaraden sun san wannan aiki ko ba su taɓa zuwa ba. Rawanin nan baƙi mai walƙiya, wanda Abzinawa suke kira alasho, turkuɗi ne. A ƙasar Kano ake yin shi, musamman garin Kura, kudu da birni. Siraran ƙyallaye ake haɗawa da ɗinki, a rina sau da yawa, a buga da shuni. Shi ya sa yake bari a jiki, shi ya sa yake da tsada.

Wanda ya yi sauri zai iske Gidan Makama a buɗe. Yana kusa da fadar sarki. An gina shi don Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan nuna kayan tarihi ne da aikin hannu. Ana biyan kuɗin shiga. Ginin kansa abin kallo ne: na ƙasa ne, da daurin guga, da zane jikin bango. Ciki akwai sulke da takubba, da kayan doki, da kayan kiɗa, da tufafin da. Akwai hotunan ƙofofin birni da na zamanin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Wanda ya koyi karatun boko zai gane shekarun da aka rubuta ƙarƙashin hoto da kansa.

Baƙo daga Adar zai ga abin da ya sani. Ƙorai masu sassaƙa, tukwane, kayan fata, irin waɗanda suke rataye a ɗakin kakarsa a ƙauye. A gida ana sayar da su arha ga dillalai, ko a yar da su a sayo roba. A nan an ajiye su da kyau, ƴan makaranta suna layi don su gani.

Kafin magariba sai a koma masauki, a ɗaure kaya cikin buhu. Motocin Sakkwato da sassafe suke tashi.