Shamuwa ce ta buɗe bakin ɗana

'Yar'uwa, yaushe rabon da ki zauna da ɗanki awa guda ba waya a hannunki? Ni dai sai da tsuntsuwa ta ba ni kunya.

Ma'aikaciyar jinya ce ni. In na taso daga aikin dare, katifa kawai nake nema. A haka ɗana mai shekara 11 ya daina hira ban lura ba. Daga "To, Mama" sai "A'a, Mama".

A bazarar bana, cikin watan Afrilu, muka je gida Damaga. Yayana, gwanin fatsa, ya kai mu bakin dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Saboda halin tsaro sai da ya tambayi masunta kafin mu fita, da sharaɗin mu dawo kafin azahar. Ni ma na kafa tawa dokar: ba shiga ruwa, don na ga yaran da tsargiya ta sa suna fitsarin jini.

Yaya ya maƙala fara a ƙugiya, ya jefa tana yawo a saman ruwa, ya miƙa wa yaron sandar. "Kifi ba ya son mai gaggawa," in ji shi.

Muka yi shiru. Ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi. Balbelu na bin shanun da suka zo shan ruwa, kirinjijiya suka wuce suna fito. Can sai ga shamuwa biyu sun sauka.

"Kawu, daga ina suke?"

"Daga kudancin Afirka. In damina ta matso sai su dawo su yi sheƙa."

Yaron nan bai ɗago kai ba ya ce, "Su in sun dawo gida zama suke da 'ya'yansu. Mama kuwa barci take."

Wallahi na sha ganin jini ban girgiza ba, amma wannan magana ta kashe min jiki. Na matsa kusa da shi. A ranar na ji cewa wata biyu ke nan manyan yara na ƙwace masa kuɗin tara a makaranta.

Karfasa ɗaya muka kamo. Aikin dare kuma yana nan, ban daina ba. Amma kowace Asabar da yamma wayata na cikin jaka, muna kan tabarma muna ƙirga tsuntsayen bishiyar darbejiyar gidanmu.

Ke fa, a ina naki yake sakin jiki ya yi miki magana?