Saurayi A Gidan Mahaifinsa: Baƙo Ne Ko Ɗan Gida?

 

Ya 'yan'uwana matasa, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta buɗe ƙofarta a Kalgo, yaranmu da yawa suka samu damar yin digiri suna kwana a gidan iyayensu. Na Gwandu kuwa, ko sun tafi Aliero ko Sakkwato, gida suke komowa bayan bautar ƙasa. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, haya da lefe da abinci suka ƙara tsada, sai zaman ya ƙara tsawo.

Ni ban ɗauki wannan zama abin kunya ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, a hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, sannan ya ci gaba a hannun yayansa Shehu Usmanu. A cikin gida aka gina malamin da ya rubuta Liya'ut Ta'wili. Abin tambaya shi ne: da wane matsayi kake zaune?

Wani tsohon ɗalibina na Islamiyya, mai shekara 28, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, ya kawo mini ƙarar mahaifinsa. Ya ce har yanzu in ya wuce Isha'i a waje sai an tambaye shi inda ya fito, kamar yaro. Na ce masa: "Malam, wa ke biyan kuɗin wuta a gidanku? Wa ke kai Inna asibiti? Yaushe rabonka da auno ko da mudun gero?" Ya sunkuyar da kai. Albashinsa kaɗan ne, na sani, amma yana isar sayen data da ɗinkin shadda. Wanda ke jiran a miƙo masa tuwo a shago, ƙannensa mata su wanke masa kaya, shi ya zaɓi matsayin yaro, don haka ake masa tambayar yara.

Alƙur'ani bai bar wannan zama babu ƙa'ida ba. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta yi maganar iyayen da tsufa ya riska suna tare da kai, ta hana ka nuna musu ƙosawa ko da da kalma guda. Aya ta 59 ta Suratun Nur ta wajabta wa ɗan da ya balaga neman izini kafin shiga wurin manyansa. Ashe balaga nauyi take ƙarawa.

Iyayenmu kuma, Allah Ya ƙara muku girma, ɗan da ya ɗauki buhu ya cancanci a yi shawara da shi, kada a tsawata masa gaban ƙannensa. 'Yar da ke aiki, albashinta haƙƙinta ne. Abin da ta bayar kyautatawa ce.

Ɗan'uwana, ware wani abu daga samunka ranar da ya shigo, komai ƙanƙantarsa, ka sa a hannun Baba tun bai tambaya ba. Wata rana za ka tashi daga gidan nan, ko su su riga ka tashi. Waɗannan shekarun da kake gani jinkiri ne, wataƙila su ne kaɗai damarka ta yi musu hidima da hannunka.

Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.