Takardar Indijin da Kuɗin Makaranta

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, tambaya ɗaya iyaye ke zuwa mini da ita: "Malam, makin yaron nan ya isa?" Na daɗe ina koyarwa a sakandare a ƙasar Guri, kuma da yake ni ake turo wa yara in taya su cike fom, sawun 'yan ajina ba ya ɗaukewa daga ƙofar gidana ko bayan sun gama makaranta. Maki yana da muhimmanci, shi ke buɗe ƙofa. Amma abin da uba zai biya bayan an shiga, da wanda zai taimaka masa ya biya, wata takarda ce daban ke yanke shi, ita ce shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa a nan yake kira indijin.

Hanyar samunta sananniya ce. Mai unguwa ya shaida ya san gidanku, dagaci ya sa hannu, hakimi ya tabbatar, sannan a kai sakatariya a buga hatimi. Duk waɗannan sa hannun amsar tambaya guda suke nema: daga ina mahaifinka ya fito? Inda aka yanke maka cibiya, da inda ka yi firamare, da garin mahaifiyarka, duk suna zuwa ne a baya, idan ma an tambaya.

A wani wuri wannan tambaya ba ta da wahala. A fadamar Haɗeja tana da ita, domin mu mutanen bakin ruwa ne, kuma ruwa ke gaya wa mutum inda zai zauna. Guri na cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, tana maƙwabtaka da Yobe, Nguru da Gashuwa ba baƙin garuruwa ba ne a wurinmu. Badawa da Mangawa da Fulani da Hausawa sun yi auratayya tun kaka da kakanni. Masunci yana bin kifi, makiyayi yana bin ciyawar rani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, kacala ta toshe hanyoyinsa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, gidaje da dama suka tashi suka koma inda za su iya noma. Wanda ya ƙetara iyakar jiha a cikin kwalekwale yana neman abin da zai ci, bai san ya ɗaura wa jikansa wani ƙulli da sai a ofishin rajistar jami'a za a nemi kwance shi ba.

Na ga wannan da idona a kan wata ɗalibata, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi. A nan aka haife ta, mahaifiyarta 'yar nan ce gaba da baya. Mahaifinta kuwa tun yana saurayi ya zo su daga wani ƙauye a ɓangaren Yobe, ya yi aure, ya samu gona, ya zauna. Ta samu gurbi a wata makarantar jiha, ita da ƙawarta da suka yi aji ɗaya tun daga firamare. Da takardar kuɗin rajista ta fito sai ga layi biyu, na 'yan jiha da na waɗanda ba 'yan jiha ba, na biyun ya ɗara na farko nesa ba kusa ba. Ƙawar ta faɗa layin farko. Ita da aka je neman takarda, sai aka ce a tafi garin uba.

Mahaifin ya same ni bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Malam, a garin nan na binne uwata, a nan nake biyan duk abin da aka yanka wa magidanta. Yau kuma a ce 'yata baƙuwa ce?" Na ce, "Baba, a wurinmu ba baƙuwa ba ce, amma takarda asalinka take bi." Haka ya kama hanya a tsakiyar damina, lokacin da hanyoyinmu sun zama sai a hankali. Dagacin can bai san yarinyar ba, shi kansa uban da ƙyar aka tuna shi, sai da aka nemo wani kawunsa tsoho ya tsaya masa. Takarda ta samu ana dab da rufe rajista. Ya sayar da shinkafar da ya ajiye don cin gida ya biya kuɗin layi na biyu. Tallafin karatun jihar da aka haife ta bai shafe ta ba, na jihar ubanta kuma sai ta je can a tantance ta, kuɗin motar zuwa da dawowa ya kusa cinye abin da za a ba ta.

Wurare biyu ke nan takardar ke taɓa aljihu. Na farko kuɗin rajista a makarantun da jiha ta mallaka, inda al'adar kusan ko'ina a Najeriya ita ce ɗan jiha ya biya kaɗan, baƙo ya biya da yawa. Na biyu tallafin karatu, wanda hukumar sikolashif ta kowace jiha ke ba 'ya'yanta kaɗai. An ga ƙarfin wannan a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama, har da Jami'ar Bayero, suka ƙara kuɗin rajista. Gwamnatin Kano ta biya wa dubban ɗalibai 'yan asalin jihar da ke Bayero, ta Jigawa ma ta tallafa wa nata. Taimako ne na gaske, ya hana yara da yawa ajiye karatu, na san wasunsu. Sai dai a kowane layi da aka yi, abin da ake fara cewa a fito da shi indijin ne.

Mu 'yan Jigawa ya kamata mu fi kowa gane zafin abin. Har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991 Bahaɗeje da ke zaune a Fagge ko Kurna ɗan jihar Kano ne cikakke. Ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jigawa, ya wayi gari a ɗakinsa, a unguwarsa, amma asalinsa a takarda ya koma wata jiha. 'Ya'yan irin waɗannan gidaje suna zuwa mana har yau neman takarda, wasu ba su taɓa kwana a garin kakansu ba. Wasu kuma sun samu ta can inda suke, domin ba ko'ina ake tsanantawa ba, mai unguwa da ya san gida shekara da shekaru yakan tsaya wa yaro. Wannan rashin tabbas shi ya fi damuna. Haƙƙin da ya dogara ga sanayya da sa'a, talaka ne ke fara rasa shi. Akwai ma waɗanda suka faɗa tsakiya, nan a ce su tafi can, can a ce ba a san su ba.

Saboda haka na sauya yadda nake shirya ɗalibaina. Tun suna aji biyu na babbar sakandare nake tambayar kowa garin mahaifinsa, in ce a nemo takardar da rani, lokacin da hanya ke biyuwa, tsofaffin da za su yi shaida kuma suna raye. Ina nanata musu cewa abin da aka rubuta a katin ɗan ƙasa, da fom ɗin JAMB, da takardar ƙaramar hukuma, dole bakinsu ya zo ɗaya, suna da ranar haihuwa da jiha. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma gyaran kuskure daga baya kuɗi ne da zirga-zirga. Yaro yakan je shagon kwamfuta a Haɗeja, mai shago ya tambaye shi jiharsa, ya faɗi inda yake zaune da zuciya ɗaya, sai ranar tantancewa a ga takardu sun saɓa.

Maganar sayen takarda kuwa, ina hana ta da kakkausar murya. Na san masu nuna wa iyaye wannan hanya suna cewa taimako ne. Ƙarya ce yaro zai ɗauka a kansa har ƙarshen aikinsa, domin takardar nan za ta bi shi bautar ƙasa, ta bi shi neman aikin gwamnati, kuma rana ɗaya wani mai jin haushinsa zai iya tono ta.

Wanda asalinsa ke wata jiha, nakan ce ya duba makarantun tarayya tukuna. A Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko ta Gashuwa da ta zo a 2013, ko kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ɗan Najeriya kuɗi ɗaya yake biya ko daga ina ya fito. Asali yana shiga ne wajen rabon gurbi: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka baro a baya a ilimin boko, kuma Jigawa da Yobe duk suna cikin waɗannan. Sannan ga asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Ba ya ware ɗan wata jiha, ba ruwa a kan bashin, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, ina gaya wa iyaye su san haka kafin yaro ya cike.

Na fahimci dalilin masu kare tsarin. Jigawa ba mai kuɗi ba ce, ta kuma fara boko a makare. Da aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamido, burin shi ne ɗan manomin Kadira ko Adiyani ya samu inda zai yi digiri kusa da gida a kan kuɗin da ubansa zai iya. Idan aka buɗe ƙofa ba ƙaidi, waɗanda suka riga mu nisa za su cike guraben. Wannan tsoro ne mai tushe, ban raina shi ba.

Amma yarinyar da na ba da labarinta ba daga nesa ta zo cin arzikin kowa ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito, sashe na 15 kuma ya ɗora wa hukuma tabbatar da 'yancin zama a ko'ina. Ƙasashen da ke bambanta kuɗin makaranta ma, da zama suke aunawa. A yawancin jihohin Amurka zaman shekara guda ke sa a biya kuɗin ɗan jiha a jami'ar gwamnati, a Ingila kuma ana duba zaman shekara uku kafin fara karatu. Ba na cewa mu kwafi nasu, shekara ɗaya ta yi kaɗan a wurinmu. Abin da nake roƙo a majalisar dokoki ta Dutse shi ne ma'auni bayyananne da kowa zai sani: yaron da aka haifa a nan, ya yi firamare da sakandare a nan, ya biya kuɗin ɗan jiha, ya kuma shiga layin tallafi. Tabbatar da hakan ba wuya. Rajistar makarantunmu tana nan da sunan kowane yaro da shekarar da ya shiga, kuma mai unguwar da ake nema ya shaida asalin uba, shi ne dai ya ci goron sunan yaron.